Mai Awon Sanadi da Sungumin Bappa Hambali

Duk wanda ya zauna a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram a shekarar da ta biyo bayan babban farin nan, bai ga Malam Iliyasu Ɗan'azumi ba, wallahi ya yi asarar ido. Mutum ne da ilimi ya yi wa yawa har yana zubowa ta aljihun kwat, inda alƙaluma huɗu suke jere, ja da baƙi da shuɗi da kore. Yana da tabarau biyu, ɗaya na karatu, ɗaya na kallon talakawa. Lofe ba ya barin bakinsa, ko da yake babu wanda ya taɓa ganin hayaƙi ya fito daga ciki. Lokacin kuɗin mai sun fara shigowa, gwamnati na tura mutane ƙasar waje kamar ana kora tumaki kiwo, shi ma aka tura shi kwas na wata tara. Ya tafi yana Iliyasu ɗan mai gyaɗa, ya dawo yana babban jami'in binciken noma, da mota Landiroba, da injin lissafi mai mariƙi irin na niƙan markaɗe.

Kafin zuwansa a duhu muke, mu amsa laifinmu. Abu in ya faru sai mu ce Allah ya kawo, mu kama gabanmu. Ashe kowane abu yana da wanda ya tura shi, kuma ana iya auna ƙarfin turin da lamba. Wannan shi ne ilimin da ya zo mana da shi, shi ya sa kafin wata guda kowa ya manta sunansa na yanka, sai Mai Awon Sanadi.

Ranar da ya kama aiki ya tara dagatai da malaman gona a Birnin Kudu, ya tsaya gaban allo ya cire lofe.

"Jama'a, duniya a cukurkuɗe take. Iska na taɓa girgije, girgije na taɓa ƙasa, ƙasa na taɓa manomi, manomi na taɓa kasuwa. Jahili in ya duba sai ya ga hargitsi. Ni kuwa ga dabarata. Ka ɗauki abu biyu. In sanin abin da na farko ya yi jiya ya ƙara maka iya cankar abin da na biyu zai yi gobe, fiye da yadda tarihin na biyun shi kaɗai zai gaya maka, to labari na kwarara daga na farko zuwa na biyu. Inda labari ya kwarara, nan tasiri yake. Kuma ni nan da kuke gani ina auna shi har lamba uku bayan ɗigo."

Dagatai suka ce, "Haka yake, ranka ya daɗe." Dagacin Farin Dutse, da barci ya ɗan ɗauke shi, ya farka ya ce amin.

Bai ɓata lokaci ba. Cikin sati uku ya gano abubuwan da kakanninmu suka mutu ba su sani ba. Ya gano hayaƙin murhun matan Kiyako ne ke kaɗo shanu gida da yamma, domin hayaƙi na tashi, shanu na biyowa, kullum ba fashi. Sannan ya gano wanda ya fi wannan girma, wato ungozoma ce ke haddasa haihuwa. A gida saba'in da biyu da ya bincika, ba gidan da ungozoma ta shiga da sauri face an ji kukan jariri kafin rana ta juya. Har ya rubuta wa manyansa na Kano shawara cewa in ana son rage yawan jama'a a tsare ungozomomi a gida. Ba su ba shi amsa ba, shi kuwa ya ce girman binciken ne ya ɗaure musu kai.

A cikin malaman gonar akwai wani dattijo, Malam Haladu, mai furfura da tsohon keke. Shekara goma sha ɗaya yana zagaya ƙauyukan Gwaram, yana duba gwangwanin awon ruwan sama, yana rubuta ranar da ruwa ya sauka da ranar da kowane manomi ya yi shuka. Ba wanda ya taɓa karanta littattafan nan sai gara. Shi ne ya ari littafin kwas ɗin Mai Awon Sanadi ya kai gida, ya bi shi a hankali har babin ƙarshe, ya dawo yana sosa ƙeya.

"Yallaɓai, na ga a ƙarshen littafin masu shi sun ja kunne. Sun ce wani lokaci abin da ya riga wani faruwa ba shi ya jawo shi ba, hango shi kawai ya yi. Ko kuma akwai na uku da ke kora su duka biyun."

Mai Awon Sanadi ya sauya tabarau, ya sa na kallon talakawa.

"Malam Haladu, ka taɓa hawa jirgin sama?"

"Ban taɓa ba, yallaɓai."

"To."

Maganar ke nan ta mutu. Gaskiyar ita ce makon da aka koyar da babin nan, Malam Iliyasu ya tafi wani gari sayen rediyo mai faifai. Amma wa ya isa ya faɗa?

Littattafan Haladu kuwa ya ƙwace su, ya rufe ofis kwana tara yana juya mariƙin inji, ƙarar tana fita har bakin titi. Rana ta goma ya fito ido jawur, igiyar wuyansa irin ta 'yan boko ta koma kafaɗa, yana riƙe da takarda mai kibiya ɗaya ja. Kibiyar ta taso daga sunan wani manomi a Basirka, ta nufi sama, ta soki girgije.

Manomin shi ne Bappa Hambali, tsoho siriri mai ƙarancin magana, wanda duk Basirka ke kallon sunguminsa. Shi gwanin binne ne, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa, don in ruwan ya sauka ya tarar da iri a kwance. Binne caca ce. In ka yi da wuri tururuwa da zabi su kwashe, ko yayyafin ƙarya ya tsirar da iri rana ta ƙone shi. Bappa kuwa yakan duba shamuwa, ya duba tururuwa in sun fara hawa da ƙwai, ya ji inda iska ta juya, ya ji abin da gwiwarsa ta hagu ke gaya masa. Ran da ya saɓa sungumi, gari duka sai ya bi shi, kuma a shekara goma sha ɗaya sau tara ruwan shuka na sauka cikin kwana uku.

Ga mu jahilai, ma'anar wannan ita ce tsohon ya iya karatun sama. Ga mai ilimi, ma'anarsa sungumin tsohon ne ke kiran ruwa.

Ya tara mutanen Basirka a ƙofar dagaci, ya hau kan Landiroba.

"Kada wani ya ce na zo da tsafi. Ni ban ce tsafi ba, lissafi ne ya yi magana. Tarihin girgije bai san ranar da girgije zai zubar ba, amma sungumin wannan tsoho ya sani. Saboda haka labari daga sungumi yake tafiya sama, ba daga sama yake saukowa ba. Yaya yake yi? Wannan tambayar 'yan kasuwa ce. Ilimi ba ya tambayar yaya, nawa yake tambaya. Bara kun sha wuya saboda damina ta makara. To bana ni zan kawo ta da wuri. Ranar Asabar mai zuwa Hambali zai yi shuka, kowa zai bi shi, ruwa zai sauka ran Talata."

Saura kwana arba'in cur lokacin shuka ya yi. Ko shamuwa ɗaya ba ta iso ba.

Bappa ya matso ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, ni ba na kiran ruwa. Ganinsa nake yi yana tafe, in fita in tare shi."

"Ka ji tawali'u irin na mutanen karkara! Baba, lamba ta fi ka sanin kanka. Kuma duk gidan da bai fito ran Asabar ba, an cire sunansa daga tsabar agaji da taki."

Nan fa ake yin ta. Tsabar agajin nan ita ke riƙe da rabin garin har kaka, ba gidan da zai iya cewa ba ya so. Iri kuma shi ne abin da ya rage wa mutane a duniya. Na gidan Bappa tulu ɗaya ne, geron da ya gada wajen ubansa, gajere mai saurin nuna, wanda ba a samun irinsa a kasuwa. Matarsa Safiyatu ce ta zuba masa toka ta liƙe bakin tulun da laka. Duk tsawon farin nan sun ci tafasa, sun ci yaɗiya, sun ci dusa, jikoki suna kuka suna nuna tulun, ba ta fasa ba. In wannan iri ya ƙone a ƙasa, ba na maimai, ba na baɗi, gidan ya tashi. Abin da ke gidan Bappa shi ne a kowane gida, sai dai wani nasa ƙwarya ce, wani ƙulli a tsumma.

Bappa ya koma gida ya zauna gaban tulun ya kasa cin abinci. Safiyatu tana tankaɗe, ta dube shi ta gefen ido.

"Malam, shi mai lofen, me ya ce a yi?"

"Ya ce a yi shuka."

"Ya ce zai bi kowane rami ya tona?"

"Bai ce ba."

"Ya taɓa riƙe ƙwaryar iri?"

"Ubansa dai ya riƙe. Shi kam ban ga alama ba."

"To yashin rafi bai ƙare ba."

Bappa ya ce shi fa ba zai yi ƙarya da furfurarsa ba. Safiyatu ta ce ba wanda ya sa shi, shi dai ya sari ƙasa, zubawa aikin mata ne da masu bin baya. Kafin la'asar maganar ta zaga gari daga bakin rijiya zuwa bakin turmi, kuma abin mamaki, a garin da ko kaza aka yanka sai kowa ya ji, ba wanda ya kai wa Landiroba labari.

Ran Asabar Basirka ta fito ƙwai da ƙwarƙwata. Bappa a gaba yana sara, mata a baya suna jefa yashi gauraye da toka suna rufewa da diddige, fuska a murtuke kamar masu ibada. Mai Awon Sanadi yana zagayawa da agogo a hannu, mai hoto na biye. Sai ya tsaya kan Safiyatu ya ce ta nuna masa irin. Kowa ya tsai da aiki yana kallo. Haladu, da ya riga ya gani tun ɗazu, ya duƙa yana gyaran sarƙar keken da ba abin da ya same ta.

Safiyatu ta miƙa ƙwaryar. Ya leƙa daga tsaye, don wandonsa bai yarda da sunkuyo ba.

"Me ya sa ya yi fari haka?"

"Toka ce, ranka ya daɗe, maganin tururuwa."

"Madalla. Kun ga ko a cikin jahilci akan dace da kimiyya. Sai dai ƙwayar ta cika ƙanana. Wannan shi ne illar irin gargajiya."

Daga nan ya wuce gonar gwaji ta gwamnati da ke bakin hanya, inda ya kafa allo mai sunansa da duk haruffan da ya samo a ƙasar waje. Buhu goma sha biyu na ingantaccen iri aka aiko masa daga Kano don gwajin shekara biyu. Ya ce mai tabbas ba ya ajiya, a zuba duka. Shi da kansa ya jefa na farko, ya tsaya da hannu a miƙe har mai hoto ya gama.

Talata ta zo ta wuce, sama fes. Ya ce lissafi yana da ɗan jinkiri. Sai ga shi a rana ta tara wani guntun hadari ya ɓato hanya, ya yi yayyafin da bai kai a sha kofin shayi ba, ya wuce. Tirƙashi! Mai Awon Sanadi ya fito tsakiyar fili ba hula, ya buɗe hannuwa, ya sa aka buga waya Kano cewa an karya lagon damina. Bayan kwana huɗu gonar gwaji ta yi kore shar, gonakin gari kuwa ko tsinke. Ya sake hawa Landiroba ya yi wa mutane wa'azi a kan ragwancin irinsu, ya ce ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, amma dubi bambancin ilimi da gado. Mutane suka sunkuyar da kai, wasu har kafaɗunsu na rawa. Ya ce ya ji daɗi da ya ga kunya ta kama su.

Sannan rana ta buɗe. Sati huɗu ba ɗigo. Tsiron gwamnati ya yi rawaya, ya lanƙwashe, ya zama abin da iska ke wasa da shi. Ni da na gani da idona, raina ya ɓaci, domin buhu goma sha biyun nan da an raba wa mutane, da ƙauye uku sun huta da fargaba.

Wata safiya Bappa ya fito ya ga shamuwa ta sauka kan kukar masallaci, tururuwa na hawa bango da ƙwai, gwiwarsa na zugi. Ya shiga ya ce wa Safiyatu ta fasa lakar. Ta fasa, ta yi bismilla, hawaye na zuba. Gari ya bi shi. Da Landiroba ta tsaya tambaya, aka ce maimai ake yi. Kwana biyu tsakani sama ta tsage, aka yi ruwa tun hantsi har bayan la'asar, kwaɗi suka yi ta kuka. Mai Awon Sanadi ya buɗe littafi ya rubuta da jan alƙalami cewa sungumi ya sake tabbatar da kansa.

Da gero ya fitar da kai, wani babba ya zo daga Kano ganin abin al'ajabin da aka buga masa waya a kai. Dattijo ne mai babbar riga, ɗan manoma, irin waɗanda ke murza zangarniya a tafin hannu su san shekara. Aka bi da shi gonakin Basirka, gero ya yi kyau ƙwarai, Mai Awon Sanadi na gaba da takardar kibiya yana bayani. Ya so a juya tun kafin a kai bakin hanya, amma allon da ya kafa ana hango shi daga nesa, baƙon kuwa ya iya karatu. Suka tsaya gaban fili fetal, ba komai sai tumfafiya da jakin wani yana birgima.

"Wannan fa?"

"Wannan, ranka ya daɗe, ɗan saɓani ne a lamba ta uku bayan ɗigo. Amma ga hujja a tsaye. Baba Hambali, matso ka gaya wa mai girma abin da ka shuka ranar da na ba da umarni."

Bappa ya matso, ya dubi Safiyatu, ya dubi ƙasa.

"Tunda an tambaye ni, ranka ya daɗe, yashi ne."

"Me?"

"Yashin rafi da toka. Duk garin nan shi aka zuba. Ran nan mutum ɗaya ne ya shuka iri a Basirka, ga gonarsa nan."

Baƙon ya juya baya yana tari a cikin hannun riga, tarin ya ƙi tsayawa. Wani zai zaci a nan Mai Awon Sanadi zai nemi ƙasa ta tsage. Ina! Ya gyara tabarau, ya ɗaga lofe sama.

"Alhamdu lillahi! Ranka ya daɗe, ka ga abin da nake faɗa. In har da yashi ma an sami yayyafi, to ashe iri ba shi da hannu a ciki. Sungumin ne zalla. Wannan zai zama babi na biyu a rahotona."

Irinsu ba a korarsu, kowa ya sani. Abin da baƙon ya yi kafin ya shiga mota shi ne ya gaya masa, a gaban dagaci da Haladu da jakin, cewa Kano ba za ta sake aiko da ko ƙwaya ɗaya ba, kuma baɗi yana son ya dawo ya tarar da gonar nan a shuke, in ba haka ba a nemi wani ya riƙe Landiroba.

Mai Awon Sanadi ya nemi iri a Kiyako, aka ce iri ya yi daidai da masu shi. Ya nema a Farin Dutse, dagaci ya yi masa addu'a mai tsawo. Da bazara ta matso, sai ga Malam Haladu a ƙofar gidan Bappa da kekensa, yana ta kame-kame, wai yallaɓai yana gaisuwa, wai ko za a taimaka wa gwamnati da ɗan gajeren geron nan kwano huɗu.

Bappa ya ce ai ba a hana iri. Safiyatu ta auna kwano huɗu a gaban Haladu, har da ƙari, ta juye a tulu. Haladu ya miƙa hannu zai ɗauka, sai ta jawo laka ta liƙe bakin, ta tura tulun ƙarƙashin gado.

"Ka gaya masa nasa ne, ba mai taɓawa. Ran da ya ga ƙasa ta jiƙe har tsawon hannu, ya zo da kansa ya ɗauka."

Shekarar nan duk wanda ya bi ta gaban ofishin da safe zai ga babban jami'in bincike a tsaye a bakin ƙofa, inji a rufe a ciki, ya cire tabarau duka biyun, ya ɗaga kai yana duban gabas kamar kowane talaka. In mai keke ya fito daga wajen Basirka sai ya tare shi, ya rage murya, ya tambaya ko an ji tsohon nan ya ce wani abu game da gwiwarsa.